Fatawa: Shin Ya Halatta In Musanta Bashin Da Na Ci Don Gyara Kiredit Ɗina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Bronx ne a birnin New York, tasi nake ja. Lokacin korona aiki ya tsaya, na kasa biyan katin bashi guda biyu da kuɗin asibiti, har aka miƙa ni ga kamfanin karɓo bashi. Yanzu makin kiredit ɗina, wato makin da ke nuna yadda mutum yake biyan bashi, ya faɗi, masu gida ba sa yarda su ba ni haya, ga iyalina suna hanya daga Kumasi. Wani ya ce in ba shi dala 800 ya rubuta cewa bashin ba nawa ba ne, a goge. Wani ya ce in yi shiru, bayan shekara 7 zai ɓace da kansa. Na uku ya ce makin ba zai tashi ba sai na sake karɓar kati. Wanne ya halatta?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yaye maka, ɗan'uwa, ya kawo iyali lafiya.

Kafin a yi maganar takarda, sai an yi maganar bashin kansa. Abin da kamfanoni ukun da ke rubuta rahoton kiredit, Equifax da Experian da TransUnion, suke ajiyewa labari ne kawai na yadda ka yi da kuɗin mutane. Idan labarin gaskiya ne, goge shi ba ya sauke maka nauyi. Bukhari ya ruwaito cewa an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gawar wani mutum da ake bi dinari uku, ya ce sahabbai su yi masa salla, shi ba zai yi ba, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Muslim kuma ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Dinari uku fa.

Kada wani ya ce maka ai dukiyar banki ce ta waɗanda ba Musulmi ba. Da amana ka shiga ƙasar, da hannunka ka sa hannu, Allah kuwa ya ce a farkon Suratul Ma'ida ku cika alƙawura. Lokacin da Mugira ɗan Shu'uba ya zo musulunta da dukiyar da ya ƙwace ta hanyar yaudara tun yana jahiliyya, Annabi ya karɓi musuluncinsa, ya nisanta kansa daga dukiyar.

Saboda haka shawarar mai dala 800 haramun ce. Ƙarya ce a rubuce, da sunanka a ƙasa, kuma kuɗin da ka ba shi ladan ƙarya ne. Dokar Amurka ma ta hana masu gyaran kiredit karɓar kuɗi kafin su yi aiki, ta hana su sa mutum ya faɗi abin da ba haka ba. Irinsu ne suke sayar wa baƙi wata lamba su ce a yi amfani da ita maimakon lambar soshiyal, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka take bai wa mutum, alhali sau da yawa ta wani yaro ce aka sato. Wannan na iya kai ka kurkuku, ya ɓata maka takardun zama.

Amma ƙorafi kan kuskure haƙƙinka ne, kuma ba sai ka biya kowa ba. Karɓo rahotonka kyauta a AnnualCreditReport.com, ka bi shi layi-layi. Bashin da ba naka ba, ko wanda ka biya ba a nuna ba, ko wanda aka rubuta sau biyu, ka rubuta wa kamfanonin rahoton, doka ta ba su kwana 30 su bincika. Ka duba na asibitin da kyau: tun 2023 kamfanonin uku suka daina sa bashin asibiti da bai kai dala 500 ba, wanda aka biya ma suna cire shi.

Maganar shekara 7 gaskiya ce ta fuskar takarda, yawancin tabo yana fita daga rahoto bayan wannan lokaci. A shari'a dai haƙƙi ba ya tsufa. Wanda ba shi da shi, Allah ya yi umarni a saurara masa har ya samu. Wanda yake da shi yana ta jan ƙafa, Annabi ya kira aikinsa zalunci.

Hanyar da nake ba ka ita ce sulhu. Kira masu bin ka bashin, ka faɗi halin da kake ciki, ka nemi a yafe kuɗin ruwa da tara, ka biya uwar kuɗi, ko gaba ɗaya ko kaɗan-kaɗan. In sun yarda da ƙasa da uwar kuɗin ma ya halatta, domin bashi ne da lokacin biyansa ya riga ya yi. Ka'abu ɗan Malik ya taɓa ɗaga murya a masallaci yana bin Ibnu Abi Hadrad bashi, Annabi ya yi masa nuni ya sauke rabi, ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Sai dai kada ka tura ko sisi sai sun ba ka yarjejeniyar a rubuce. In sun ƙi sauke ruwan kuma doka ta tilasta ka, ka biya kana mai ƙinsa a zuciya, ka tuba daga shiga yarjejeniyar tun farko.

Saura katin, kuma nan ne malamai suka yi saɓani. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta haramta katin da aka sharɗanta ruwa a cikinsa, ko da mutum ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Wannan shi ne asali, kuma shi nake bi. Wasu malaman da suke zaune a ƙasashen Yamma sun yi rangwame ga mai buƙata ta gaske, suna kafa hujja da hadisin Barira, inda aka zartar da ciniki aka watsar da sharaɗin banza.

Fara da abin da babu saɓani a kansa. A lissafin makin kiredit da ake kira FICO, wanda yake tafiya daga 300 zuwa 850, biya a kan lokaci shi ke da kashi 35 cikin 100, yawan abin da ake bin ka kashi 30. Rage tsohon bashi da daina saɓa wa'adi su ne babban aikin. Akwai hanyoyin da ake sa kuɗin haya da na wuta da na waya su shiga rahoto. Ƙaramin rancen nan da ake kira na gina kiredit kuwa, yawancinsa ruwa ne tun ranar farko, ka bar shi.

In ka yi duk wannan kuma har yanzu babu inda za ka sa iyalinka, ina ganin rangwamen ya same ka, gwargwadon buƙata. Amma ka tuna sau biyu kati ya kayar da kai, rangwamen kuwa na wanda ya tabbata zai biya ne. Kati ɗaya tak, irin wanda kake ajiye kuɗinka jingina, dala 200 ko 300. Ka sayi man mota da shi, ka sa banki ya riƙa biyan duka kowane wata da kansa, kada ka taɓa cire tsabar kuɗi da shi domin nan take ruwa yake fara hawa. Ranar da ka ga ka fara biyan rabi kana barin rabi, rangwamen ya faɗi, ka rufe shi.

Kafin makin ya tashi zai ɗauki watanni. Je wa limamin masallacinku da maganar gidan, ko za a samu ɗan'uwa mai kiredit mai kyau da zai tsaya maka wajen mai gida. Lamuni halal ne, da sharaɗin kada ya karɓi lada a kansa.

Wallahu a'alam.