Tambaya da Amsa: Ƙudurin doka na gaban Majalisar Kaduna, ta ina mai unguwa da ɗan kasuwa za su sa baki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni memba ne a kwamitin raya unguwa a Tudun Wada, Kaduna. Lokaci zuwa lokaci muna ji a rediyo cewa an gabatar da ƙuduri a majalisar jiha, yau kan asibitoci, gobe kan shara, jibi kan 'yan sintiri ko zaɓen ƙananan hukumomi. Mu dai ba mu sanin abin da ke ciki sai ranar da aka zo cin tara. Shin majalisar jiha tana da ikon yin doka a kan duk waɗannan? Kuma yaushe ne mutum irina zai iya magana a saurare shi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Amsar tambayarka ta farko ita ce a'a, ba a kan komai take da iko ba. Amsar ta biyu kuwa, lokacin naka yana tsakanin karatu na biyu da ranar da kwamiti zai miƙa rahotonsa. Wanda ya bari wannan gaɓa ta wuce, sai dai ya jira gyaran doka ko ya nufi kotu, kuma dukkansu biyu sun fi tsada da cin lokaci.

Kafin komai, ka rarrabe abubuwa biyu da labarai kan cakuɗa. Akwai ƙudurin doka, akwai kuma matsayar da majalisa kan cimma bayan wani ɗan majalisa ya gabatar da koke, misali a yi kira ga ma'aikatar muhalli ta yashe magudanan ruwa kafin damina. Matsaya kira ce, ba ta haifar da laifi ko tara. Don haka in ka ji an ce "majalisa ta amince", ka tambaya: da me ta amince, kuma a wane mataki?

Ƙuduri yana shigowa zauren Lugard Hall, inda majalisar jiha ke zama, ta hanya biyu: ko daga gwamna, ko daga ɗaya cikin 'yan majalisa 34. A karatu na ɗaya sunansa kawai ake ambata. A karatu na biyu ake muhawara kan manufarsa, sai Kakaki ya tura shi kwamitin da abin ya shafa. Kwamiti ne ke bin sa sashe-sashe, kuma shi ne ke kiran zaman jin ra'ayin jama'a idan za a yi. Daga nan rahoto ya dawo zaure, a duba gyare-gyare, a yi karatu na uku. Sashe na 100 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, majalisa na iya sake zartar da shi da rinjayen kashi biyu cikin uku, ya zama doka ba da hannunsa ba. Abin lura a nan: kundin bai wajabta zaman jin ra'ayin jama'a ba, al'ada ce da ƙa'idar majalisa. Shi ya sa ƙudurin da gwamnati ke gaggawarsa kan iya wucewa cikin 'yan kwanaki. Mu dai ra'ayinmu shi ne duk ƙudurin da zai ɗora wa talaka tara ko kuɗin rajista bai kamata ya wuce ba tare da an zauna da waɗanda za su biya ba.

Yanzu batun iko. Kundin ya kasa al'amura gida uku: waɗanda tarayya kaɗai ke yi wa doka, waɗanda tarayya da jiha ke tarayya a kansu, da ragowar da ba a lissafa ba, waɗanda na jiha ne. Sashe na 4(5) ya ce inda dokar jiha ta ci karo da ingantacciyar dokar tarayya, ta tarayya ce ke rinjaye, ta jiha ta faɗi gwargwadon saɓanin.

Lafiya ita ce inda hannun jiha ya fi sakewa. Asibitocin jiha, rajistar asibitoci masu zaman kansu, tsaftar abinci, tsarin inshorar lafiya na jiha, duk majalisa na iya yi musu doka. Ta haka aka kafa KADCHMA, hukumar asusun taimakekeniyar lafiya, da dokar 2018. Amma magunguna da guba, da killace masu cuta, da lasisin likita ko mai harhaɗa magani, na tarayya ne. Ƙudurin jiha da ya ce zai ba mai kemis lasisin sayar da maganin da hukumar tarayya ta hana, ya mutu tun kafin a haife shi.

Sai dai a ƙudurin lafiya, kuɗi ne ke yawan kayar da doka, iko kuwa da wuya. Ka nemi sashen da ya yi maganar asusu. In an rubuta "za a ba mata masu juna biyu da yara magani kyauta", to daga wane aljihu? An ambaci kaso takamaimai na kuɗin shigar jiha, ko kuwa an ce "gwargwadon abin da majalisa ta ware"? Na biyun yana nufin kowace shekara sai an sake roƙo a kasafin kuɗi. Ka kwatanta da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Ko da wannan ƙayyadewa, an ɗauki shekaru kafin kuɗin su fara fita, balle dokar da ba ta ambaci adadi ba. Kaduna na da mazaɓun kansila 255, kuma tsarin da aka daɗe ana bi shi ne cibiyar lafiya ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa. To duk alkawarin da ƙuduri ya ɗauka, ka ninka shi sau 255 a ranka: ungozoma nawa, firjin rigakafi nawa, wa zai biya albashi? Kuma ka tuna kuɗin da aka rubuta a kasafi daban, wanda aka saki daban. Sashen da ya wajabta wa hukuma buga rahoton abin da ta karɓa da abin da ta kashe kowace shekara ya fi dogon jerin alkawura amfani.

A muhalli matsalar ta bambanta: masu iko sun yi yawa a kan bola ɗaya. Jadawali na huɗu na kundin ya ba ƙaramar hukuma aikin kwashe shara, ban-ɗakunan jama'a, kasuwanni, tashoshin mota da mayanka. Jiha na da hukumar kare muhalli, KEPA. Tarayya na da tata hukumar, NESREA, tun 2007, da dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli ta 1992. Haƙar ma'adinai kuma ta tarayya ce ɗungurungum, ko da yake filaye na hannun gwamna a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978. In ƙudurin shara bai fayyace wa ke karɓar kuɗin kwasa ba, mai shago a Kasuwar Barci zai iya tarar da rasit biyu a wata ɗaya, na jiha da na ƙaramar hukuma, kuma kwatar gabansa tana nan cike.

Ga abin da muke so kwamitinku ya zura wa ido a irin wannan ƙuduri. Doka ta hana zuba shara a magudanar ruwa, daidai ne, domin leda da robar ruwa su ke toshe kwalbati su mayar da ruwan sama cikin gidaje, ga kwalara da zazzaɓin sauro a biye. Amma shin ta ɗora wa hukuma wajibcin samar da wurin zubawa da ranakun kwasa? In hani ne kaɗai, mutumin lungun da mota ba ta shiga zai ci gaba da ba yara su zubar da dare. Sannan masu kurar kwasar shara da 'yan gwangwan, waɗanda su ne ke kwashe abin da mota ba ta kai gare shi, an ba su rajista mai sauƙi ko an mai da su masu laifi? In haramta leda ko robar zuba abinci ake so, kamar yadda Legas ta haramta ta kumfa a Janairun 2024, wa'adin wata nawa aka ba mai kaya a shago, kuma da me mai ƙosai da mai fura za su maye gurbinta? Tara kuma a duba ta da kyau. Sashe na 36(12) ya ce ba a hukunta mutum sai laifin da hukuncinsa suna rubuce a doka. Ƙudurin da ya bar jami'i ya yanke tara a bakin titi, ba rasit, ba kotu, ba hanyar ɗaukaka ƙara, ƙofar cin hanci ya buɗe. Duba-gari na da muhimmanci ƙwarai, amma a rubuta iyakarsa: sanarwar kwana nawa kafin rufe wuri, wa ke sa hannu, ina mai ƙorafi zai je.

Tsaro shi ne inda jiha ta fi ƙuntata. Sashe na 214 ya kafa rundunar 'yan sanda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, makamai kuma suna jerin tarayya. Canja wannan sai an gyara kundin kansa, wanda ke buƙatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi aƙalla 24 cikin 36, majalisar jiha ɗaya ba ta isa ba. Abin da jiha ke iya yi shi ne kafa masu taimako, irin rundunar sintiri ta KADVS da dokar 2016 ta kafa, ko KASTLEA mai kula da hanya. Haka kuma tana iya gyara dokar laifuka, kamar yadda aka sabunta kundin hukunta laifuka na jihar a 2017, aka kuma tsaurara hukuncin fyaɗe a 2020. A ƙudurin 'yan sintiri ka duba abu huɗu: wa ke tantance wanda za a ɗauka, kuma akwai hannun hakimi da mai unguwa, horon wata nawa, cikin awa nawa dole su miƙa wanda suka kama ga 'yan sanda, da kuma ina za a kai ƙarar ɗan sintirin da ya doki mutum. Kundin ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Rundunar da ba ta da albashi tsayayye, ƙarshenta shinge a hanya da karɓar na goro, kuma wannan ma tambayar kuɗi ce.

Zaɓe kuwa gajere ne. Na shugaban ƙasa, gwamna da 'yan majalisu duk na INEC ne, majalisar jiha ba ta da ta cewa. Nata shi ne zaɓen ƙananan hukumomi 23 ta hannun hukumar zaɓen jiha, KADSIECOM, kuma ko a nan rajistar masu zaɓe ta INEC ake amfani da ita. Kaduna ta yi zaɓe da na'ura a 2018 da 2021, aka gyara doka aka koma takardar ƙuri'a a zaɓen Oktoban 2024. Wato yadda kake jefa ƙuri'ar kansila abu ne da ake yankewa a Lugard Hall. Amma tsarin ba zai saɓa wa dokar zaɓe ta tarayya ba: a Fabrairun 2025 Kotun Ƙoli ta soke zaɓen ƙananan hukumomin Ribas saboda rashin bin ƙa'idojin wannan doka. Hukuncinta na 11 ga Yulin 2024 kuma ya riga ya rufe ƙofar kantomomin riƙo. A irin wannan ƙuduri, sashen da ya fi kowane nauyi shi ne na bayyana sakamako: za a ƙirga a rumfa, a liƙa, a ba wakilan jam'iyyu kwafi mai sa hannu, ko sai an kai sakatariya? Sai kuɗin fom, da kwanakin da aka ba wanda ya faɗi ya shigar da ƙara.

To yaya za ku yi? Ku fara samun kwafin ƙudurin kansa, kada ku dogara da taƙaitawar rediyo ko Facebook. Ku nema ta hannun ɗan majalisar mazaɓarku ko sakataren kwamitin da aka tura wa. Ku rubuta takarda shafi ɗaya ko biyu zuwa ga shugaban kwamitin, ta ofishin Akawun Majalisa. Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta "ba mu yarda da wannan doka ba". Kwamiti ba shi da abin da zai yi da wannan jimla. Ku ambaci lambar sashen, ku kawo abin da ya ce, ku faɗi yadda zai shafi unguwarku da misali na gaske, sannan ku rubuta kalmomin da kuke so a sa a madadinsa. Misali: a ƙara cewa ba za a ci tarar gida ba sai hukuma ta tanadi wurin zuba shara a unguwar kuma ta sanar da ranakun kwasa. Ku sa hannun shugaba da sakatare, ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku riƙe.

In Hausa ta fi muku sauƙi ku rubuta da ita, amma ku haɗa da fassarar Turanci, domin sashe na 97 ya sa Turanci ne harshen aikin majalisa sai in ta amince da wani harshe a kai, kuma da Turanci za a rubuta gyaran. Ranar zaman, mintuna kaɗan ake ba kowa, don haka ku zaɓi mutum ɗaya ya yi magana kan sassa biyu ko uku da suka fi ci muku tuwo a ƙwarya. Ku je da waɗanda abin ya shafa kai tsaye, mahauta in maganar mayanka ce, ungozoma in ta asibiti ce. Bayan zaman ku bibiyi rahoton kwamiti ku ga ko gyaranku ya shiga. In dokar ta fito, ku duba ranar fara aiki da kuma sashen da ya ba kwamishina ikon fitar da ƙa'idoji, domin sau da yawa adadin kuɗin rajista da na kwasar shara a can ake rubuta su, bayan majalisa ta gama nata.