Amsoshin tambayoyinku: zullumi, akta da bos, da sauran kalmomin gidan kallo

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan fim suka zo, da alama an gama girbi samari sun koma gidan kallo. To bismillah.

Wani ɗalibi daga Ringim ya ce: Malam, finafinan nan da ake bin mutum ana neman kashe shi, ko ɗan sanda yana farautar mai laifi har ƙarshe, mu dai "fim ɗin tsoro" muke ce musu, daidai ne?

Ɗana, ba daidai ba ne, kuma wannan abu ya daɗe yana damuna. Kun ɗauki kalmar tsoro kun ɗora mata kayan da ba nata ba. Fim ɗin tsoro shi ne na aljanu da mayu da fatalwa. Wanda kake nufi, abin da yake jefa mai kallo a ciki sunansa zullumi. Firgita da razana na farat ɗaya ne, ƙofa ta bugu garam, gabanka ya faɗi, bayan ɗan lokaci ka dawo hayyacinka har ka yi dariya. Fargaba ita ce jin cewa wani mugun abu na iya faruwa ko da ba ka san mene ne ba. Shi kuwa zullumi ka san abin, ka san yana tafe, ba ka da ikon tare shi, sai dai ka zauna kana saƙawa kana kwancewa.

Alfred Hitchcock, daraktan nan ɗan Ingila, ya yi wa takwaransa François Truffaut na Faransa bayanin wannan a hirar da suka yi a 1962. Misalin da ya ba shi: mutum biyu na zaune suna hira, kwatsam bam ya tashi a ƙarƙashin teburinsu, masu kallo sun razana na daƙiƙa 15, shi ke nan. Amma in aka fara nuna musu ana ajiye bam ɗin, aka nuna musu agogo a bango, suka san ƙarfe nawa zai tashi, to hirar banzan nan ta koma azaba ta minti 15. Na farko firgita ce, na biyu zullumi, ka ga Hausa ta riga ta raba su tun kafin a ƙera kyamara.

In kana son shaida ka leƙa gidan kallon garinku da daddare. Janareto na ruri a waje, yara sun cika benci, a talabijin an nuno wata mata tana wanke-wanke tana 'yar waƙarta, sai a yanke a nuno takalmin wani ƙato a bayan labule, a dawo kanta, a koma kan hannunsa yana zaro wuƙa. Kafin ka ce kwabo ɗakin ya kaure, "waiwayo mana! ga shi nan bayanki!" har da mai miƙewa tsaye yana nuna mata da hannu. Abin da aka yi musu kawai shi ne an sanar da su abin da ita ba ta sani ba. Ka lura kuma, da farko kowane hoto yana daɗewa kafin a sauya, yana matsowa ana gajarta su, fuska, wuƙa, fuska, ƙafa, har bugun zuciyar mai kallo ya bi saurin yankan. Wannan aikin edita ne, wato mai yanka hotuna yana haɗawa, ba na ɗan wasa ba.

Sannan don Allah masu tallar fim a Facebook ku daina rubuta mana "fim mai ɗauke numfashi". Bahaushe in ya ji an ce numfashin wane ya ɗauke salati zai fara. Muna da hantar ciki ta kaɗa, muna da tsikar jiki ta tashi, muna da zama ɗar-ɗar, duk kun tsallake kun je kun kwaso na wasu. Masu cewa "akwai saspens" kuwa ba ni da ta cewa da su.

Wata malama daga Dambatta tana son ma'anar "labarin zuciya a tambayi fuska", kuma wai ta ji wani mai ɗaukar hoto yana kafa hujja da shi.

Malama, ma'anar a fili take, abin da mutum ya ɓoye a rai fuskarsa kan tona shi. Mai ɗaukar hoton ya yi gaskiya, don shi ya sa ake matso da kyamara har fuska ta cika allo, ka ga gumi a goshi, ka ga ido yana satar kallon ƙofa, ba sai an ce maka mutumin nan ƙarya yake ba. Sai dai a fim karin maganar ba ta cika tsayawa da ƙafarta ba. Lev Kuleshov, wani darakta ɗan Rasha, wajejen 1920, ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa guda, ba murmushi ba ɓacin rai, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da gawar yarinya a akwati, sannan da wata mata a kishingiɗe. Masu kallo suka ce a nan yunwa yake ji, a can baƙin ciki, a can kuma sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce ba ta sauya ba. Wato a fim in za ka tambayi fuska, tambayi hoton da aka ajiye kusa da ita. Da wasu daraktocinmu sun riƙe wannan da sun huta da sa jarumi ya tsaya tsakar falo yana sanar da mu "wallahi raina ya ɓaci".

Daga Gwaram: me ya sa ake ce wa jarumi akta, mugu kuma bos?

Aro ne daga Turanci, amma mun murɗa su. A can akta duk ɗan wasa ne, har da mugun, a wajenmu kuwa akta shi ne wanda ba ya mutuwa. Bos maigida ne, to da yake mugun finafinan Indiya da na Cana kullum yana da yara masu yi masa aiki, sunan ya bi shi. Ban ƙi su ba, sun zauna daram. Yaro ɗan shekara bakwai yana gane bos tun bai buɗe baki ba, saboda daga ƙasa ake ɗauko hotonsa ya yi ƙato, a haska rabin fuskarsa a bar rabi cikin duhu.

Wani dattijo daga Kazaure ya ce jikokinsa sun yi masa dariya da ya ce majigi.

Baba, su ne abin dariya. Majigi ita ce silimar da Turawan mulki suke yawo da ita a mota gari-gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada a nuna tsafta da noma kyauta, kuma sunan daga fitilar haska hoto ta Turawa ya samo asali. Mutanen da har dodon bango suka kira abin. Gidan silima na biya daban ne, irin su Rex da aka buɗe a Kano a 1937.

Daga Rano: Malam, "wanda maciji ya sara in ya ga igiya sai ya gudu" ne, ko tsumma?

Ni da baƙin tsumma na tashi na ji, na igiyar ma ana faɗa, ma'ana ɗaya. Kuma ita ce sirrin kiɗan fim. A fim ɗin Steven Spielberg na 1975 na kifin nan mai cin mutane, kifin roban da suka ƙera ya yi ta lalacewa, dole aka rage nuna shi, sai amo biyu kacal na kiɗan John Williams suka tsaya a madadinsa. An sare ka sau ɗaya da kiɗan, daga nan ko ruwa zalla aka nuno, kana jin sa cikinka ya ɗuri ruwa. Masu sa kiɗan tashin hankali tun daga farkon fim har ƙarshe, har wajen cin tuwo, su ba su gane ba, tsumman da aka gani sau hamsin ba ya korar kowa.

Daga Babura: tace fim aikin edita ne ko na hukuma?

Duka biyun ana cewa tacewa. In kana gudun ruɗani ce wa na edita yanka da haɗawa.

Wata yarinya daga Sumaila tana son cikon "kallo ya koma sama".

Shaho ya ɗauki giwa. 'Yata, wannan ai ko kakarki kika tambaya ta ishe ki.