Tambayi Likita: fitsarin jini, ruwan kunne, da ɗan da ke nutso a Kotonu

Tambaya: Dokta yarona ya yi ta wanka a tabkin Madarunfa da damina, yanzu in ya gama fitsari sai jini ya biyo.

Amsa: Galibi tsargiya ce, ba alamar balaga ba kamar yadda ake faɗi. Kai shi asibiti a auna fitsarin, maganin praziquantel ne, gwargwadon nauyinshi ake ba shi.

Tambaya: Ruwan gulbi ya shige min kunne, an ce in ɗiga kananzir.

Amsa: Kunnen naka fitila ne? Karkata kai ya fita da kanshi. In ya fara ciwo ko mugunya, asibiti.

Tambaya: Ɗana yana aikin nutso a Kotonu, da tulun iska a baya da wata riga mai kumbura. Rannan rigar ta cika da kanta ta cillo shi sama, tun sannan kafaɗa da gwiwa ke mai ciwo, hannu na mutuwa. Abokan aikinshi sun ce ya koma ƙasan ruwa ciwon zai narke, ni kuma na aika mai man zafi.

Amsa: Hajiya ki kira shi yanzu, kafin ma ki gama karanta wannan, ya tafi asibiti.

Rigar nan ita ke daidaita mutum cikin ruwa, ya ƙara iska ya taso, ya rage ya nutse. Matsalar, maɓallin cikawa da na ragewa kusa da juna suke a kan tiyo ɗaya, mutum in ya ruɗe sai ya danna wanda bai yi niyya ba, gishirin teku da yashi kuma kan maƙale na cikawar in ba a wanke da ruwan daɗi. A zurfin mita 10 matsi ya ninka na sama sau 2, to yana tasowa iskar rigar na ƙara kumbura tana ƙara fizgar shi. Ki tuna kwalbar lemo da aka girgiza aka buɗe lokaci guda, haka iskar da ta narke a jininshi ke yin kumfa, ta toshe gaɓoɓi har da laka. In ya riƙe numfashi ma huhu na iya fashewa.

Komawa ruwa kuwa, wallahi abin nan na ɓata min rai! Mutumin da hannunshi ke mutuwa ya suma a ƙasa wa zai ciro shi? Man zafi da tausa ba su kaiwa ga kumfa. Oksijin yake buƙata tun yanzu, da ɗakin matsin iska na masu nutso, likitocin can za su nema mai. Kar ya hau jirgin sama, kar kuma ya kama doguwar hanyar Maradi wai a yi jinya gida.

In ya warke, a gyara rigar nan ko a canza ta, ya kuma koyi cire tiyon da ke kawo wa rigar iska daga tulu da hannu ɗaya, don in maɓallin ya sake maƙalewa. Amma yau dai asibiti, Hajiya.