Tambaya da Amsa: In Biya Kuɗin Takardar Tsara Horo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Maraɗi, ina da lisansi a fannin koyarwa. Ina son komawa aikin tsara horo na ma'aikatan jiragen sama ko na ƙungiyoyin agaji. Wani a WhatsApp ya ce in turo jika ɗari da hamsin, cikin kwana biyar ya ba ni takardar ƙasa da ƙasa da babu ONG ɗin da za ta ƙi. Kuɗin adashena ne, kuma ina tsoron damar ta wuce ni. In biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Riƙe kuɗinki. Babu takardar kwana biyar da ke buɗe wannan ƙofa, kuma wanda ya ce ONG ba ta ƙin takardarsa, ki ce ya nuna miki mutum ɗaya da aka ɗauka da ita.

Cutar da ta shige mu ita ce ɗaukar atestasiyo, wato takardar shaidar halartar bita, a matsayin iyawa. Kullum sai an turo mini jakar takardu: bita a Yamai, bita a Damagaram, bita a otal kaza. In na ce a nuna mini darasi guda da aka tsara, aka gwada, aka gyara, sai shiru. Ba laifin matasa kaɗai ba ne. Ofisoshi ne suka koya musu haka: a tara mutane kwana uku, a haska musu rubutu a bango har la'asar, a raba pardiyam, a ɗauki hoto, a rubuta wa mai ba da kuɗi cewa an horar da mutum kaza. Tun 1959 masanin horo Kirkpatrick ya raba auna horo hawa huɗu, amma mu a hawan farko muke tsayawa, wato "ko kun ji daɗin bitar?" To wa zai ci shinkafa da kaza ya ce bai ji daɗi ba?

A wannan fanni kuwa rai ake taɓawa. Ɗauki uwa a Madarunfa ko Ɗan Isa da aka ba ma'aunin hannu na tamowa. Mai tsara horo na gaskiya ba lacca zai fara rubutawa ba. Sai ya fara zayyana abin da uwar za ta iya yi da hannunta: ta nemo tsakiyar damtse tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ta ɗaura ma'aunin ba a matse ba, ba sako-sako ba, in ya faɗa ja, ƙasa da milimita 115, ta kai yaron likita a ranar. Daga nan a tsara gwaji, darasi ya zo daga baya. In ta ɗaura sako-sako, yaron da ke ja zai fito rawaya, a bar shi gida. Wace takarda ce za ta gyara wannan? Haka ma mai duba kaya a filin jirgi wanda aka ba shaida amma ya bar batirin lithium na ajiya ya shiga ɗakin kayan jirgi. Shi ya sa horon kaya masu haɗari ake sabunta shi duk wata 24, kuma tun Janairun 2023 ƙa'idojin IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, suka dogara ga nuna iyawa a aikace.

Game da hanya, ɓangaren jirage ƙofarsa ƙunci gare ta. Akwai makarantar EAMAC a Yamai, ta hukumar kula da zirga-zirgar jirage ASECNA, akwai kwalejin jiragen sama ta Zariya, kuma ICAO, hukumar jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na da kwas na masu tsara darussa a shirinta na TRAINAIR PLUS. Duk cibiyar da ta ce tana cikin shirin, ki duba sunanta a shafin ICAO da kanki. A can ba ke za ki zama gwanar jirgi ba, da gwani za a haɗa ki, ke ki tatso abin da ya sani ki mai da shi darasi.

Agaji ya fi kusa da ke. Tun 2019 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suke yankin Gidan Rumji, kuma ana bukatar darussa da Hausa ga masu aikin sa kai waɗanda Faransanci bai zauna musu ba. Shafukan koyon aikin agaji masu suna "Kaya" da "DisasterReady" suna da kwasa-kwasai kyauta a intanet, littafin Sphere na ƙa'idojin aikin agaji ma kyauta ne. Ki gyara Ingilishinki. Sannan ki tsara darasi na minti arba'in kan tsabtace ruwan sha, ki gwada shi da mata goma a unguwarku, ki koma bayan mako biyu ki ga wa ke yi daidai, ki rubuta abin da kika sauya. Shi za ki haɗa da takardar neman aiki.