Fara da aljihu

Ka ce mini, "Maigida, wata 7 ke nan ina shagon nan, amma in na ga ɗinkin yayyena sai in ji kamar hannuna bai karɓi sana'ar ba. Ko in haƙura?" Ajiye almakashin ka zauna, ɗana.

Wanda kake auna kanka da shi ya shekara 9 a kan keke. Ƙafarsa ta san Butterfly ɗin nan kamar yadda ta san hanyar gidansu. Kai kuma so kake ka iya yanka, ka iya wuya, ka iya hannu, duk a rana ɗaya, shi ya sa kullum kake tashi ba ka san abin da ka ƙaru da shi ba.

Makon nan aljihun kaftani kawai za ka yi. Guda 10, a kan ƙyallayen da muke zubarwa, ba a kan shaddar mutane ba, don wanda ya je Kantin Kwari ya yanko yadi 4 da kuɗinsa ba zai saurari uzurin ɗan koyo ba. Na farko zai karkace, bakin zai tattare, zaren ƙasa ya cukurkuɗe. Kada ka farke shi, kada ka jefar. Sa masa lamba da alli ka ɓoye. Ran Alhamis ka ɗauko na 1 da na 10 ka jera su a kan tebur. Ni ba zan ce komai ba, idonka ne zai yi alƙalanci. Yabon da zan yi maka, kafin la'asar ka manta da shi, wataƙila ma ka ce lallashi ne. Aljihu biyun nan kuwa ba su iya lallashi ba.

Ni a wuya na sha wahala. Sai da na ɓata wuyan rigar wani dattijo har sau biyu, ya zo ya tsaya a bakin shago yana salati, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

In aljihu ya zauna, sai kalmasa, sai wuya. Kafin babbar sallah ina so ka ɗinka wa ƙaninka kaftani, daga awo har guga, ba wanda ya sa maka hannu. Kai za ka zaɓi ranar gamawa, ka rubuta ta a bango kusa da kekenka.

Tashi ka jawo buhun ƙyallen can. Ka ɗiga wa keken mai tukuna, tun jiya nake jin yana kuka.