Baba ba ya fahimtar maganar talabijin: wace sifika zan saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bara na sayi talabijin mai inci 43, irin shafaffiyar nan ta bango, muka haɗa ta da dikoda. Hoto tar, amma mahaifinmu da ya haura shekara 70, in an sa tafsiri ko labarai, sai ya ce mutanen ciki kamar da goro a bakinsu suke magana. Ko mun ƙure sauti, hayaniya kawai ke ƙaruwa. Na tara naira dubu 90. Ƙanena ya ce in sayo mai sifika biyar da fitilu, wadda aka rubuta wat 5000 a kwalinta. Mece ce shawararka?
Malamin firamare, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kuma gaskiya ya faɗa. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi tana da ciki, sifikarta na kallon mai kallo. Shafaffiyar nan kuwa ba ta da wurin da sauti zai sake. 'Yan sifikun cikinta ƙanana ne, yawanci ƙasa ko bango suke kallo, sai muryar ta daki garu kafin ta iso kunne. Ga kuma shekaru. Idan mutum ya manyanta, siraran sautuka ne ke fara kuɓuce masa, irin su "s" da "sh" da "ts", waɗanda su ne ke rarrabe kalma da kalma. Saboda haka abin da Baba ke buƙata shi ne murya ta fito fes. In ka kawo masa mai dundum da girgiza tagogi, ka ƙara binne muryar ne a ƙarƙashin gunji.

Kafin ka kashe ko sisi, shiga saitin sauti da rimot. Galibin talabijin na da zaɓin da aka yi don labarai ko magana. Kunna shi, ka rage bes, wato sautin nan mai dundum. Na sha ganin gidan da wannan kaɗai ya kashe rigimar.

In bai wadatar ba, to ka leƙa bayan talabijin da tocila kafin ka nufi kasuwa, ka ɗauki hoton ramukan da wayarka. A nan mutane suka fi tafka asara. Idan ɗaya daga ramukan HDMI an rubuta ARC a gefensa, ka yi sa'a: waya ɗaya tak za ta kai sauti ga sifikar da ita ma ke da ARC, kuma rimot ɗin talabijin ne zai riƙa ƙarawa da ragewa, Baba ba sai ya koyi rimot na biyu ba. In babu, duba ko akwai ɗan rami mai kusurwa huɗu da ke fitar da jan haske, shi ne oftikal. Sautinsa garau ne, sai dai rimot biyu za ku riƙe, kuma in kun haɗa kuka ji shiru, ku shiga saitin sautin talabijin ku zaɓi inda aka rubuta PCM. Sai ramin iyafis, wanda shi ma yana aiki. Amma ramukan nan ja da fari, ka karanta abin da aka rubuta a kansu, don a talabijin da yawa na shigarwa ne, ba na fitarwa ba. A watan azumin da ya wuce wani bawan Allah ya ɗauko mini sabuwar hom tiyata, wato saitin sifikun falo, a bayan babur tun daga Sabuwar Unguwa, yana rantsuwa an sayar masa da matacciya, alhali ƙalau take, ramin shiga ya cusa wa waya. In ja da farin talabijin ɗinka na shigarwa ne, sai ka ɗauki ja da fari kai tsaye daga bayan dikoda. Illarsa ɗaya: fim ɗin da yara suka sa ta filas a jikin talabijin ba zai bi ta nan ba.

Bluetooth kuwa a bar wa wayar hannu. A talabijin yakan makara, ka ga baki ya motsa sannan magana ta biyo.

Yanzu ga zancen wat 5000. Juya akwatin ka karanta 'yar takardar da ke kusa da wayar wuta, inda aka rubuta abin da take sha. Sau da yawa za ka tarar bai kai wat 100 ba. To, yaya tulun da aka zuba wa moɗa ɗaya zai cika randa? Lambar kwali ita ake kira PMPO, ado ce ta 'yan talla. Ta gaskiya ita ce RMS, kuma a falo irin namu wat 40 zuwa 60 na RMS ya isa har maƙwabta su aiko a rage.

Da ni ne kai, da kuɗin nan ɗayan biyu zan nema. Ko dai doguwar sifikar nan mai kama da taɓarya da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin, wadda 'yan kasuwa ke ce wa sawunba, ko kuma mai sifika biyu da wufa ɗaya (akwatin da ke fitar da bes), wato 2.1, amma wadda ke da maɓallin rage bes daban. Mai biyar ɗin da ƙanenka ke so, an yi ta ne don finafinan da aka tsara sautinsu hanya shida, biyar na sifiku ɗaya ta wufa. Tafsiri da labarai da yawancin wasanninmu na Hausa ba sa buƙatar haka. Ƙari ga haka wayoyi ne za su zagaye falo, yara su yi ta tuntuɓe, ɓera ya samu abin gwaguya. Kuɗin da za a raba wa sifika biyar marasa kirki, gara a zuba shi a biyu masu kyau.

In ka je babbar kasuwa, mai shago zai sa maka kiɗa mai dukan ƙirji, don shi ke sayar da kaya. Ka ce a'a. Ka tafi da karatun da Baba ya fi so a filas, a sa shi ƙasa-ƙasa, ka ja da baya taku huɗu ko biyar. Wadda ka ji kowace kalma a cikinta ba tare da an ƙure ba, ita ce taka. In Baba zai iya fita, kai shi, kunnensa ne alƙali. Ka karɓi rasit, a rubuta maka kwanakin da za ka iya mayarwa. Ta hannu ma ba laifi in an buɗe an gwada a gabanka, sai dai ka duba ko mai bolt 110 ce irin ta Amurka, domin tamu 230 ce, kana sa ta a soket za ta yi hayaƙi.

Kada ka ƙarar da kuɗin duka a sifika. Ware wani abu na sitabilaiza ko 'yar na'urar da ke jinkirta wuta in an dawo da ita, don kayan sautin da aka fi kawo mini gyara, dawowar wuta da ƙarfi ce ta ƙona su. Idan sola gare ku, sawunba ta fi sauƙi ga batir. Ka ajiye ta daidai kunnen mai zaune, ba can saman kabad ba, sifika biyun kuma ɗaya dama ɗaya hagu, suna kallon kujerar Baba. Falon tayil da ba labule yana amsa-kuwwa. Shimfiɗa kafet ko darduma zai rage. Da hunturu a riƙa yafa mata ƙyalle in an kashe, amma a cire kafin a kunna.

In duk an yi wannan Baba bai daina cewa "me ya ce?" ba, har a hira da ku, to a kai shi asibiti a auna kunnen. Wani lokaci dauɗar kunne ce kawai ta toshe shi.