Kamfanin jirgin da nake wa aiki ya durƙushe, ina bin sa albashin wata bakwai

Tambaya: Barista, barka da aiki. Shekara shida ina yankan tikiti a wani ƙaramin kamfanin jiragen sama mai jigila tsakanin Kano, Abuja da Legas. Da jirgi ɗaya muka fara har muka kai huɗu, sai dala ta tashi, man jirgi ya yi tsada, harka ta tsaya cak. Yanzu an garƙame ofis da kwaɗo. Abokan aikina sun ce mu sa kotu ta riƙe jirgin da ya rage a fili. Zai yiwu?

Amsa: Malam, Allah ya musanya da mafi alheri. Amma kada ku sa rai da jirgin nan tukuna. Ƙananan kamfanoni galibi haya suke ɗauko jirage, fenti da suna ne kawai nasu. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Cape Town, wadda ta ba mai jirgi damar ɗauke kayansa idan an kasa biyan haya.

Ku fara bincike a CAC, hukumar rajistar kamfanoni: rufe ofis daban, rushe kamfani a doka daban. Idan yana nan da rai a takarda, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron ƙarar albashi. Ku haɗu ku ɗauki lauya ɗaya, ya fi sauƙin aljihu. Ku tattara takardar ɗaukar aiki, takardun albashi da bayanan banki da ke nuna watan da kuɗi ya daina shigowa.

Akwai wata bulalar kuma. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce wanda ke bin kamfani bashin da ya kai adadin da aka ƙayyade (a 2020 sama da naira 200,000 ne), ya kai takardar neman biya, mako uku ya wuce shiru, zai iya roƙon Babbar Kotun Tarayya ta rushe shi. Barazanar nan kan sa masu kamfani fito da kuɗi, amma kaifi biyu gare ta: da zarar kotu ta ba da umarni, ba mai ci gaba da ƙara sai da izininta, kowa ya bi layi wurin wanda aka naɗa ya sayar da kadara ya raba.

A layin nan albashi da kuɗin fansho suna gaban bashin mai sayar da mai da na fasinjan da tikitinsa ya maƙale. Sai dai bankin da ya karɓi takamaiman kadara jingina yana gabanku, kuma shi kan kwashi kaso mai tsoka. Abin kan ja lokaci; Nigeria Airways ta rufe a 2003, amma a 2018 tsofaffin ma'aikatanta na jiran haƙƙinsu.

Gobe ka leƙa asusun fanshonka. Kashi 8 da ake cire maka da kashi 10 na kamfani, in ba su shiga ba, rubuta wa PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, koke, wannan ba ya buƙatar lauya.